Dambe da MMA: Yadda ake yanke hukunci, da wanda ke da alhakin kare ran ɗan wasa

A zangon Djougou da na Parakou, har da ƙananan garuruwa irin su Pélébina, idan aka ga matasa sun yi cincirindo a kan wayar salula guda, sau da yawa faɗa suke kallo. Ko dai damben gargajiya daga Kano da Abuja, ko kuma wasan MMA da ake yi cikin keji. Da zarar an tashi wasa, gardama iri uku ce ke biyo baya. Wane ne ya yi nasara da gaske? Alƙalin wasa ya yi gaggawar raba su ne, ko ya yi jinkiri? Wa zai kula da wanda aka buge bayan ƴan kallo sun watse? Wannan bayani ya tattaro dokokin wasannin biyu, da dalilan da ke haifar da gardamar, da kuma inda haɗarin yake.

Mene ne MMA?

MMA wasa ne da ya haɗa naushi, shuri, kokowa, shaƙa da murɗe gaɓoɓi a faɗa ɗaya. Kamfanin da ya fi shahara a harkar shi ne UFC na Amurka, wanda ya shirya gasarsa ta farko ranar 12 ga Nuwamban 1993 a birnin Denver. A wancan dare babu rukunin nauyi, babu alƙalan ba da maki, kuma safar hannu ba dole ba ce. Ɗan Brazil Royce Gracie ne ya lashe gasar. A gasa biyu na farko ba a ba alƙalin wasa ikon tsayar da faɗa don kansa ba, sai a gasa ta uku, a 1994, bayan alƙali John McCarthy ya matsa a kan hakan.

Wannan sakaci ya jawo wa wasan baƙin jini. Sanata John McCain ya kwatanta shi da faɗan zakaru, jihohin Amurka da dama kuma suka hana shi. Abin da ya dawo da shi fili shi ne rubutacciyar doka: jihar New Jersey ta amince da dokoki na bai-ɗaya a 2001, ƙungiyar hukumomin dambe ta Amurka ta karɓe su a 2009. Jihar New York ce ta ƙarshe da ta halatta wasan, a 2016. Faransa ta bi sahu a watan Janairun 2020, aka kuma yi gasar UFC ta farko a Paris a watan Satumban 2022.

A Afirka, farin jinin wasan ya ƙaru ne lokacin da mutum uku haifaffun nahiyar suka riƙe kambin UFC a lokaci guda: Kamaru Usman da Israel Adesanya daga Najeriya, waɗanda suka ci nasu a 2019, da Francis Ngannou na Kamaru a 2021. Kamfanin PFL kuma ya buɗe gasarsa ta Afirka a birnin Cape Town a watan Yulin 2025, ya zaɓi Kwatano domin wasannin ƙarshe.

Dambe da dokar kisa

Dambe tsohon wasan Hausawa ne da aka fi danganta shi da mahauta, wanda a da ake yi da kaka bayan an kawar da amfanin gona. Ɗan dambe yana naɗe hannunsa mai ƙarfi da ƙyalle, a bi shi da zare har ya yi tauri. Ɗaya hannun a buɗe yake, da shi ake tare duka da auna tazara. Ana kuma kai hari da ƙafa. Makaɗa da masu kirari suna cikin wasan tun asali, shi ya sa sunan Shago ba ya rabuwa da na mawaƙinsa Ɗan Anace. A yau ana yin wasan a gidajen dambe na dindindin, kamar gidan Ali Zuma da ke Dei-Dei a Abuja da dandalin Ado Bayero a Kano, inda ƴan wasa ke kasuwa ɓangarori irin su Kudu, Arewa, Guramada da Jamus.

Hukuncin dambe a taƙaice yake. Ana yin turmi uku. Wanda aka buga har hannunsa ko gwiwarsa ko jikinsa ya taɓa ƙasa, an yi masa kisa, wasa ya ƙare. Idan aka cika turmi uku kowa na tsaye, sai a ce babu kisa, a raba su. Babu takardar maki, babu lissafin wanda ya fi kai duka.

Wannan doka tana da fa'ida biyu. Ta farko, sakamako a fili yake: abin da alƙali ya gani, shi ɗan kallo ya gani. Ta biyu ta shafi lafiya. Wanda ya faɗi ba a bin sa ƙasa da duka kamar yadda ake yi a MMA, ba a kuma ƙirga masa goma ya miƙe a ci gaba da dukansa kamar a damben Turawa. Faɗuwa ɗaya ta rufe magana.

Duk da haka dambe bai tsira daga gardama ba. Akan yi musu a kan ko hannu ya taɓa ƙasa ko bai taɓa ba, ko duka ne ya kayar da mutum ko turi ko santsi, ko kuma naushin ya sauka ne bayan alƙali ya hura usur. Da yake akwai kuɗi, babur ko mota a kan wasu wasanni, ga kuma kishin ɓangare, irin wannan musu kan yi zafi.

Yadda ake ba da maki a MMA

A MMA aikin hukunci ya rabu gida biyu. Akwai alƙalin wasa a cikin keji, wanda ke kula da doka da tsayar da faɗa. Akwai kuma alƙalan maki uku a waje, kowa a gefensa, ba sa shawara da juna. Ana yin turmi uku na minti biyar-biyar, da hutun minti ɗaya a tsakani. Wasan kambi da babban wasan dare turmi biyar ne.

Faɗa yakan ƙare kafin lokaci idan ɗaya ya suma, ko ya sallama ta hanyar bubbuga hannu, ko alƙali ko likita ya tsayar. Idan aka kai ƙarshe, sai a koma ga maki. Tsarin an aro shi ne daga damben Turawa: wanda ya ci turmi yana samun 10, abokin karawarsa 9. Idan rinjayen ya yi yawa sosai, a ba da 10 da 8. Bisa gyaran da ya fara aiki a 2017, abin da ake fara dubawa shi ne tasirin duka da na kokowa, wato wanda ya fi yi wa ɗan'uwansa illa ko ya fi kusantar gama faɗan. Sai idan an yi kunnen doki a nan ake duba wanda ya fi kai farmaki, bayansa kuma wanda ya fi mallake fili.

Tushen yawancin gardama yana cikin wannan lissafi. A ɗauka Audu ya ci turmi na ɗaya da na biyu da ƙyar, Tanko kuma ya yi masa lilis a na uku. Idan alƙali ya ba da 10 da 9 a duka ukun, Audu ya yi nasara da 29 da 28, alhali shi ne fuskarsa ta kumbura. Idan ya ba Tanko 10 da 8 a turmi na uku, an tashi 28 da 28. Ɗan kallo yana auna faɗan ne gaba ɗaya, alƙali kuwa turmi-turmi yake aunawa. Tsarin da aka gina don dambe mai turmi 10 ko 12 yana da tsauri a wasa mai turmi uku, domin kuskure a turmi guda ya isa ya juya sakamako.

Akwai kuma batun wurin zama. Alƙalin maki yana kallo daga kusurwa ɗaya, wani lokaci ragar keji ko bayan alƙalin wasa ya tare masa, yayin da mai kallo a waya yake ganin maimaici daga kyamarori da yawa, yana kuma jin ra'ayin masu sharhi. Wani abin da masu zargin maguɗi kan manta shi ne, a Amurka hukumomin wasanni na jihohi ne ke naɗa alƙalai, ba kamfanin da ya shirya wasan ba.

Hukunce-hukuncen da har yanzu ake musu a kansu

A watan Nuwamban 2013, Georges St-Pierre ya riƙe kambinsa a kan Johny Hendricks da rinjayen alƙalai biyu cikin uku, duk da cewa yawancin ƴan jaridar da suka bi wasan sun ba Hendricks. A watan Fabrairun 2020 a Houston, alƙalai uku sun ba Jon Jones nasara a kan Dominick Reyes da 48 da 47, 48 da 47, da kuma 49 da 46. Wannan na ƙarshen ne ya fi tayar da ƙura, domin masu kallo da yawa sun ga Reyes ya ci turmi uku na farko. Masoya Ngannou ma ba su manta da damben da ya yi da Tyson Fury a Riyadh a watan Oktoban 2023 ba: ya kai Fury ƙasa a turmi na uku, amma alƙalai biyu suka ba Fury. Wannan damben Turawa ne, sai dai tsarin makin ɗaya ne. Da a gidan damben gargajiya ne, da an tashi wasa tun a wannan faɗuwar.

An kawo shawarwarin gyara. Wasu na so a riƙa bayyana maki bayan kowane turmi, kamar yadda hukumar jihar Kansas ta gwada a 2020. Masu adawa suna cewa wanda ya san yana gaba zai koma guje-guje. Wasu na so a auna faɗan gaba ɗaya, kamar yadda kamfanin ONE Championship na Asiya yake yi a wasanninsa na MMA. Wasu kuma na neman a ƙara yawan alƙalai, a kuma tilasta musu bayyana dalilin makinsu.

Alƙalin wasa: gaggawa ko jinkiri

Doka ta ce alƙali ya tsayar da faɗa idan ɗan wasa ya daina kare kansa cikin hayyacinsa. Gane wannan lokaci aiki ne na daƙiƙa ɗaya ko biyu, kuma ko ta ina ya karkata zai sha suka.

A watan Nuwamban 2022 a New York, Adesanya yana gaba a maki lokacin da Alex Pereira ya rutsa shi a jikin keji a turmi na biyar. Alƙali Marc Goddard ya shiga tsakani Adesanya na tsaye da ƙafafunsa, magoya bayansa da yawa suka ce an yi gaggawa. Akasin haka ya faru a birnin Belém na Brazil a watan Fabrairun 2018, inda Valentina Shevchenko ta sauke wa Priscila Cachoeira duka 230, ita kuwa uku kacal ta mayar, alƙali Mario Yamasaki bai tsayar ba har sai da ta sallama a turmi na biyu. A watan Mayun 2020, Anthony Smith ya zubar da haƙora a hannun Glover Teixeira, aka kai turmi na biyar kafin a raba. A nan suka ta haɗa da masu horar da Smith, domin su ma suna iya neman a tsayar.

Kuskuren biyu ba nauyinsu ɗaya ba. Wanda aka tsayar masa da wuri ya rasa wasa da kuɗi, yana kuma iya neman a sake, kamar yadda Adesanya ya rama a kan Pereira a watan Afrilun 2023. Wanda aka yi jinkiri a kansa yana iya rasa abin da ba ya dawowa.

Sauran gardamar tana kan laifuffuka. An haramta tsone ido, cizo, karo da kai, dukan ƙeya da maraina, da shurin kai ko sa masa gwiwa idan mutum yana ƙasa. A watan Maris na 2021 Petr Yan ya rasa kambinsa ga Aljamain Sterling saboda irin wannan gwiwa. Dokokin ma suna sauyawa: dukan gwiwar hannu daga sama kai-tsaye zuwa ƙasa, wanda ya sa aka kori Jon Jones daga wasansa da Matt Hamill a 2009, an halatta shi daga watan Nuwamban 2024.

Inda haɗarin yake

Yanka da karaya su ake gani, amma babban haɗari a ƙwaƙwalwa yake. Duka mai ƙarfi a haɓa ko gefen kai yana jijjiga ƙwaƙwalwa a cikin ƙoƙon kai. Wani lokaci jijiya takan fashe, jini ya riƙa taruwa a hankali. Mutum zai miƙe, ya yi magana, ya karɓi gaisuwa, bayan mintoci ko sa'o'i ya yanke jiki ya faɗi. João Carvalho ɗan Fotugal ya rasu a Dublin a watan Afrilun 2016, kwana biyu bayan wasa. Booto Guylain ɗan Kongo ya rasu a watan Maris na 2014 sakamakon raunin kai da ya samu a wata gasa a Johannesburg. Akwai kuma illar da ke zuwa bayan shekaru: mantuwa, nauyin baki, rawar jiki da saurin fushi. Tun 1928 likita Harrison Martland ya bayyana wannan yanayi a jikin tsofaffin ƴan dambe.

Haɗari na biyu shi ne rage nauyi. Ana auna ƴan wasan MMA kwana guda kafin faɗa, don haka wasu kan ƙaurace wa ruwa su matse jikinsu domin shiga rukunin da bai kai nauyinsu na gaskiya ba. Yang Jian Bing ɗan Sin ya rasu a watan Disambar 2015 yana cikin wannan hali, abin da ya sa ONE Championship ya sauya tsarin awonsa.

Kariyar da MMA ke da ita a inda ake bin doka ba a cikin keji kawai take ba. Akwai rukunin nauyi, gwajin lafiya kafin wasa, robar kare haƙora, likita a bakin keji da motar asibiti a waje. Mafi muhimmanci shi ne hutun dole: yawanci kwana 30 ga wanda alƙali ya tsayar masa, kwana 60 ga wanda ya suma, har zuwa kwana 180 idan ana zargin karaya.

A nan ne giɓin dambe yake. A al'adance ba a awon nauyi, ƙarami yana iya sa zare da wanda ya fi shi girma nesa ba kusa ba, kuma hakan abin yabo ne. Hannun da aka ɗaure da zare ba shi da laushin safar hannu. Wanda ya gigice amma bai faɗi ba, dokar kisa ba ta kare shi. A manyan gidaje ana wasa kusan kullum, abincin ɗan dambe kuma yana fitowa ne daga fitarsa fili da liƙin ƴan kallo, saboda haka wanda aka kashe jiya yana da dalilin dawowa gobe. Duka na biyu a kan ƙwaƙwalwar da ba ta warke ba ya fi na farko haɗari. Ƙwayoyi masu kashe zafin ciwo irin su tramadol suna ƙara dagula lamarin, domin suna ɓoye alamar da jiki ke bayarwa.

Sauye-sauyen da ake gani

An daɗe da barin wasu tsofaffin dabaru masu cutarwa, kamar manna garin kwalba a jikin zare. A gasar wasanni ta ƙasa a Najeriya, dambe yana cikin wasannin gargajiya da ake yi bisa tsari. Tun daga 2017 tashar Dambe Warriors ta kai wasan ga masu kallo na duniya a YouTube, kamfanin African Warriors Fighting Championship na Maxwell Kalu kuma yana shirya wasanni masu ƙayyadadden lokaci, da maki da ma'aikatan lafiya.

Kokowar Nijar ta riga ta bi wannan hanya. Tun gasar ƙasa ta farko a Tahoua a 1975, wadda Kantu na Maradi ya lashe, wasan ya samu rubutattun dokoki, agogo da gargaɗi, har ana iya yin nasara ba tare da kaye ba idan gargaɗi ya yi wa ɗaya yawa. Wannan bai raba kokowa da makaɗanta ko layunta ba, amma ya kawo sabon musu a kan alƙalai. Haka dambe: duk inda aka shigo da maki don a kauce wa tashi babu kisa, an shigo da gardamar MMA tare da shi. Awon nauyi, likita da hutun dole kuwa ba sa taɓa dokar kisa ko kaɗan.

Abin lura ga masu shirya wasa da iyalai

A garuruwan da Hausawa ke zaune a matsayin tsiraru, dambe kan zo ne lokacin salla ko wani biki, galibi ba tare da wata hukuma da ke sa ido ba. Nauyin yana kan masu shiryawa da shugabannin zango. Abubuwan da ba sa buƙatar kuɗi mai yawa su ne: a haɗa mutane masu kusancin nauyi da gogewa, a duba ɗaurin hannu a gaban kowa, a zuba yashi mai kauri a fili, a tanadi ma'aikacin lafiya da mota, a kuma sanar tun farko cewa maganar alƙali ita ce ta ƙarshe, yana da ikon raba wasa ko da ba a yi kisa ba.

Wanda ya suma ko ya gigice kada ya sake sa zare a wannan rana, kada kuma a bar shi shi kaɗai a daren. Idan ya fara amai, ciwon kai na ƙaruwa, barci na rinjayarsa, magana ta rikice, gefe ɗaya na jiki ya yi sanyi, ko ƙwayar ido ɗaya ta fi ɗaya buɗewa, asibiti za a nufa nan take, wanda ke da na'urar hoton kai idan da hali. Daga Djougou zuwa babban asibitin koyarwa na Parakou tafiyar kimanin kilomita 130 ce, don haka shirin mota tun kafin a fara kiɗa ake yin sa.